Busasshiyar ƙorama a tsakar gida: nazarin wani aiki a Damagaram

Gidan yana cikin sababbin unguwannin da ke gefen Damagaram, inda aka yanka filaye a kan jigawa mai ɗan gangare. Filin mita 20 ne a kan mita 30. Ginin na bulo da siminti ne da rufin kwano, ya zauna a gabas inda ƙasa ta fi tudu. Katangar yamma, wadda ta raba gidan da titi, ta tubalin laka ce da aka yi wa shafen siminti. Duk ruwan da ya sauka daga rufi sai ya bi tsakar gida ya nufi wannan katanga. Cikin damina biyu ya ƙwaƙule hanya mai zurfin da ya kai santimita 25 a wasu wurare, ya mai da gindin katanga matattararsa. Shafe ya soma ɓamɓarewa, layin tubali na ƙasa ya yi laushi.

Maigidan yana son lambu a tsakar gidansa, kuma ya ga hotunan ƙoramun dutse a waya, irin waɗanda ake yi a lambunan Amurka da Japan: hanya mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa duwatsu, a bushe take sai an yi ruwa. Magininsa ya ba da shawarar a ja kwata ta siminti miƙaƙƙiya har waje a huta. Shawarar maginin za ta ceci katanga, babu musu. Sai dai ruwan sama a Damagaram wajen milimita 400 ne a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta, kuma rufi mai faɗin murabba'in mita 150 yana tara kimanin lita 54,000 daga ciki, wato duro 270 na lita 200. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfonsa ma daga nesa ake jawo shi, daga irin su Gogo da Macaya da Arunguza. A gari irin wannan, tura duro 270 titi su je su ci hanyar maƙwabta asara ce biyu. Aka tsaya a kan ƙoramar dutse, bisa sharaɗin a gina ta a matsayin magudanar ruwa tukuna, ado ya biyo baya.

Nawa ne ruwan?

Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Abin da ke bambanta shi ne yawan da kowane wuri ke saki. Kwano yana sakin kusan kashi 90 cikin 100, daɓen siminti wajen kashi 80, tsakar gida ta ƙasa da ƙafa ta tattake kamar kashi 30. A wannan gida rufi murabba'in mita 150 ne, daɓe 50, sai filin ƙasa da ke gangarowa wannan hanya 200. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, rufi zai ba da lita 6,750, daɓe 2,000, fili 3,000. Jimla lita 11,750.

Akwai lissafi na biyu, na saurin zuwan ruwan. Hadarin damina yakan zubar da mafi yawan ruwansa cikin mintocin farko. Ko da a ce ƙarfinsa ya kai na milimita 100 a sa'a, abin da zai bi ƙoramar bai wuce lita 6 zuwa 7 a daƙiƙa ba. Hanya mai gindin santimita 40 da ruwa mai zurfin santimita 10 tana ɗaukar ninkin haka har sau uku ko huɗu. Ke nan wucewar ruwa ba matsala ba ce. Tambayoyin da suka rage su ne inda lita dubu goma sha biyun nan za su ƙare, da kuma yashin da za su ɗebo a hanya. Duk wahalar aikin a nan take.

Awo kafin a ɗaga diga

An bi tsohuwar hanyar da ruwa ya ƙwaƙule, domin ruwa ya riga ya nuna inda yake so. Da siririn tiyo mai haske, wanda magina ke cika wa ruwa su daidaita gini da shi, aka auna gangaren: santimita 47 tsakanin mafari da ƙarshe, a tsawon mita 18 idan an haɗa da lanƙwasa. An so gindin ƙoramar ya riƙa sauka santimita 1 da rabi a kowace mita, wato santimita 27 gaba ɗaya. Ƙasa da santimita 1 yashi zai kwanta ya toshe ta. Sama da 3 kuwa ruwa zai yi gudu ya ture ƙananan duwatsu. Ragowar santimita 20 aka raba wa makarai biyu, wato jeren duwatsu da ke gitta ƙorama, a kowanne ruwa ya faɗo santimita 10.

Sai gwajin shan ruwa. An haƙa ramuka uku, faɗi da zurfi santimita 30, a wuraren da ake tunanin kwarin ƙarshe, inda ruwan ƙoramar zai taru ya shiga ƙasa, zai zauna. Kowanne an cika shi da ruwa an bari ya shanye, sannan aka sake cikawa aka kafa sanda mai alama. Cikawar farko ba abin dogaro ba ce, busasshiyar ƙasa kowa ta ruɗa. A kusurwar arewa maso yamma, inda maigidan ya fi so saboda ana hango ta daga baranda, ruwa bai sauka santimita 1 a sa'a ba. Da aka ƙara tono aka tarar da marmara a zurfin santimita 40. A kudu maso yamma ruwan ya riƙa sauka santimita 5 a sa'a. Can aka koma. Ƙa'idar ita ce duk ruwan da aka tara ya shanye cikin kwana ɗaya, ya yi nisa biyu. Sauro yana buƙatar kamar mako guda daga ƙwai zuwa tashi, kuma ba wanda ke son ya kafa masa gida a watan Agusta.

A Damagaram wannan gwaji wajibi ne. Gida biyu na jere da juna, ɗaya yashi ne har tsayin mutum, ɗayan dutse na kwance a ƙarƙashin taƙi ɗaya na ƙasa.

An kuma tsayar da tazara: mita 3 daga harsashin gini kafin a bar ruwa ya soma shiga ƙasa, mita 4 tsakanin kwari da katangar laka, shadda kuwa tana can mita 8. An nemo inda bututun famfo da wayar lantarki suka bi aka kafa musu turaku.

Tono

An yi aikin a watan Afrilu, don a gama kafin hadarin farko. An zana gefen ƙoramar da toka, aka bar zanen kwana biyu mutanen gida suna ratsawa, har aka gane inda ƙafa ke bi zuwa madafa da ƙofar waje. A nan aka ware wurin tsallakawa. Lanƙwasa biyu kawai aka yi, masu faɗi. Ƙorama mai yawan murɗe-murɗe a ɗan fili tana kyau a takarda, amma ruwa mai ƙarfi ba ya bin ta, yankewa yake ya wuce.

Zurfin tono santimita 35 ne, gindi 40, baki kuwa tsakanin mita 1.2 da 1.8, ya tsuke a miƙe ya buɗe a lanƙwasa. Gefe a kwance yake: a matsakaici, duk santimita 10 na zurfi an ba shi santimita 15 zuwa 16 na faɗi. Jigawa ba ta riƙe gefe mai tsaye, ranar ruwan farko za ta rufto. Ƙoramar ta fitar da ƙasa kubik 6, kwarin ƙarshe kubik 11, wato kusan baro 280. Ba a fitar da ko ɗaya waje ba. An cike tsohon ramin gindin katanga aka daɓe shi da gangare mai kallon cikin gida, saura aka yi ƙananan tuddai a gefen ƙorama inda za a dasa abin da ba ya son jiƙa. Bayan tono an yayyafa wa gindi da gefe ruwa aka bi su da madaɓi.

Wane dutse?

Duwatsun da ke cikin hotunan waya mulmulallu ne, kogi ya goge su. Ƙoramun ƙasar Damagaram yashi suke ɗauka, ba a tsintar irin wannan a cikinsu. Abin da ke akwai shi ne dutsen da masu fasa dutse ke sayarwa a gefen gari, mai kaifi da kusurwa, sai kuma manyan duwatsu da rana da iska suka daɗe suna sassaƙa, irin waɗanda duk wanda ya san Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya saba gani. Wannan ya ma fi dacewa da aikin. Dutse mai kusurwa yana cije ɗan'uwansa, mulmulalle kuwa gangarawa yake. Idan an sa fasasshe a gindi, tsofaffin da suka yi santsi a baki, ido ba ya ganin aibu.

Abin da aka sayo: tsakuwa mai girman santimita 1 zuwa 2, kubik 1 da rabi; matsakaicin dutse na santimita 5 zuwa 10, kubik 3; na santimita 15 zuwa 25, kubik 2; sai manya guda 14 masu faɗin santimita 40 zuwa 60. Dutse mai faɗin santimita 50 yana kai kilo 170. Mutum biyu ba sa ɗaga shi, da dogon ƙarfe da katako ake mirgino shi daga amalanke. A saye manyan a hannun masu sana'ar, kada a tura yara su kwaso a duk inda aka gani, domin fili da dutsen da ke kansa suna da mai su. A kuma duba lodin tsakuwa kafin a sauke. Wadda aka ɗebo da garin dutse sai an tankaɗe, in ba haka ba da hannunka ka zuba abin da zai toshe ƙoramar.

An yi muhawara kan abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi. Maigidan ya so a sa baƙar leda don kada ciyawa ta fito. Leda tana hana ruwa shiga ƙasa, wato ta kashe dalilin aikin, kuma tsakuwa tana zamewa a kanta. Buhunan shinkafa da wasu ke sawa suna dagargajewa da zarar rana ta taɓa su. Akwai ƙyallen roba na musamman da ake sa wa a ƙarƙashin duwatsu a manyan ayyukan hanya, yana barin ruwa ya wuce ya tare ƙasa. Samunsa a ƙananan awo da wuya, kuma a wurin da ƙura ke sauka wata da watanni ƙofofinsa na toshewa. Ciyawar ma ba daga ƙasa take fitowa ba, a cikin ƙurar da ta kwanta tsakanin duwatsu take tsira. Sai aka bi tsohuwar dabara: ƙaramar tsakuwa a ƙasa, kaurin santimita 5, ta tsaya tsakanin yashi da manyan duwatsu ta hana su nutsewa.

Jerin aikin yana da muhimmanci. Manyan duwatsu ake fara kafawa, kafin tsakuwa. Kowanne an binne kashi ɗaya cikin uku nasa, ɓangarensa mai faɗi a ƙasa, ya ɗan jingina da gefe. Dutsen da aka ɗora a kan ƙasa kawai, ruwa zai ci ƙarƙashinsa ya kife, kuma ko bai kife ba kallo ɗaya za a san ajiye shi aka yi. An tara su a bayan lanƙwasa inda ruwa ke duka, uku a nan, biyu a can, wani wurin babu ko ɗaya. Leburori sukan so su jera su daidai a gefe biyu kamar haƙoran zarto, sai an tsaya a kansu. Bayan manya sai na santimita 15 zuwa 25 a gefe, ana farawa daga ƙasa ana hawa, kowanne ya danne na ƙarƙashinsa. Sannan tsakuwa, sannan matsakaitan a kai, kaurin santimita 10. Abin da ya rage wa ruwa zurfin santimita 20 ne, kuma tsakiya ta fi gefe zurfi ko'ina. Ƙoramar da aka cika da dutse har ta yi daidai da ƙasa tarin dutse ce, ruwa zai kewaye ta.

Mashiga, makarai da mafita

Da farko rufin ba shi da indararo, ruwa na zuba a duk tsawon bakin kwano. An sa masa magudana da bututun roba biyu masu faɗin santimita 10, aka haɗa su aka bi da su ƙarƙashin ƙasa mita 3 nesa da gini. Inda bututun ya buɗe aka gina ɗan akwatin bulo, santimita 80 a kan 80, zurfi 50, da murfin ƙarfe mai ramuka. Ruwa yana shiga ya lafa, ƙura da ganye su kwanta, ya tumbatsa ta wani baki zuwa ƙorama. An bar gindin akwatin babu siminti, tsakuwa kawai, don ragowar ruwa ya tsiyaye. A bakin fitarsa an shimfiɗa duwatsu masu faɗi na tsawon mita 1.

Makari jeren duwatsu ne da ya gitta ƙorama, yana rage wa ruwa gudu ya ba shi lokacin shiga ƙasa. Manoma sun san shi, shi ne jeren duwatsun da ake yi a gonaki masu gangare. A ƙarƙashin kowanne an yi shimfiɗar dutse mai tsawon santimita 50 inda ruwa ke faɗowa.

Kwarin ƙarshe zurfinsa santimita 50 ne daga fuskar ƙasa, amma ruwa santimita 30 kawai yake tsayawa a ciki, a faɗin mita 4 a kan 6. Yana ɗaukar wajen lita 5,500. Idan an haɗa da abin da ƙorama ke sha a hanya, ruwan sama mai milimita 25 ba ya fita daga gidan, kuma yawancin ruwan da ake yi a damina bai kai haka ba. Wanda ya wuce wannan dole a ba shi ƙofa. An yi wa kwarin baki a yamma, daga nan wata gajeriyar hanya ta dutse da siminti ta kai ruwa rariyar katanga. Nan ne kaɗai aka yi amfani da siminti, saboda laka ce a kusa. Tsayin wannan baki shi ne awo mafi muhimmanci a duk aikin: ya fi titi tudu da santimita 15, kuma yana ƙasa da dokin ƙofar kowane ɗaki da nisa. A unguwanni da yawa titi yana ƙara tudu kowace shekara saboda yashi da shara, har rariya ta koma shigo da ruwan waje. Wanda titinsa ya fi tsakar gidansa tudu, ya warware wannan tukuna kafin ya sayi dutse ko ɗaya.

Shuke-shuke

An jira ruwa ya zauna a Yuli kafin a dasa. A gefen ƙorama an sa gamba da jema, tushe-tushe, tazarar santimita 30 zuwa 40, saboda saiwarsu na riƙe yashi. A kan tuddai an sa kariya da aguwa, waɗanda ruwa mai yawa ke ruɓar da su. Dukansu ruwan jikinsu na da guba, don haka an nisanta su da inda yara ke wasa. A kafaɗar kwari, sama da inda ruwa ke kaiwa, aka dasa zogale huɗu, lalle jere ɗaya ta ɓangaren katanga, da magarya guda. Zogale yana son danshi a kusa amma ba ya jure tsayuwa cikin ruwa. Bedi da turare ba a kawo su kusa ba: saiwarsu na ɗaga duwatsu ta nufi harsashi, ganyen bedi kuma yana cika tsakanin tsakuwa. Gidan na da awaki biyu, sai da aka kewaye dashen da waya.

Abin da damina ta farko ta nuna

Katanga ta tsira, gindinta bai jiƙa ba. Amma abubuwa huɗu sun ɓaci, kuma kowanne da dalilinsa.

Mafi girma yashi ne. Akwatin da ke mashiga ya yi aikinsa a kan ruwan rufi, amma ruwan filin ƙasa ta gefe yake shigowa, a tsawon kusan mita 6, ɗauke da yashin da tsintsiya ta sassauta duk rani. Zuwa tsakiyar Agusta wannan yanki ya cike, duwatsun sun ɓace, ruwa ya soma hawa gefe. Lissafin farko ya ƙidaya ruwan filin amma bai tanadi abin da zai tare yashinsa ba. Gyaran ya ci aiki: an kwashe matsakaitan duwatsu, aka tankaɗe tsakuwa aka mayar. Sannan aka ja ɗan tudu mai tsayin santimita 10 a bakin ƙoramar ta wannan gefe, don ruwan fili ya daina shiga ta ko'ina, aka tattara shi zuwa ƙofa ɗaya mai nata akwatin. Gaban akwatin an dasa gamba layi biyu. Filin kansa an zuba wa rabinsa burji aka daɓe. Duk mai shirin irin wannan aiki a jigawa ya ƙidaya kowace ƙofa da ruwa zai shigo ta, ya sa wa kowacce matarin yashi. Ƙoramar da ke karɓar ruwa daga buɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da wannan ba, damina ɗaya ta ishe ta.

Na biyu, makarin farko. Ruwa ya bar tsakiya ya zagaya ta gefensa na kudu, ya ci ƙasa ya buɗe rami. Dalili biyu ne: duwatsun ƙarshe sun tsaya a bakin gefe maimakon su shige cikinsa, kuma saman makarin a miƙe yake. An sake shi, aka cusa kowane ƙarshe santimita 40 cikin gefe, aka saukar da tsakiya santimita 8 ƙasa da kunnuwansa, aka cike bayansa da tsakuwa. Makari na biyu, wanda tun farko aka jingina shi da manyan duwatsu biyu, bai motsa ba.

Na uku, kwari ya rage shan ruwa. A Yuli cikin sa'o'i shida yake bushewa, a ƙarshen Agusta sai ya kwana ya wuni. Laka mai laushi ce ta kwanta a gindinsa ta yi ɓawo, kaurinta bai kai santimita 1 ba amma ta isa. Da ta bushe ta tsage aka kankare ta da shebur aka fitar, ba a juya ta cikin ƙasa ba. Sannan aka sassauta gindin da fartanya, aka baza karan hatsi da busasshen taki kaɗan. Gara ta zo ta huda ƙasar, kamar yadda take yi a ramukan tassa, ƙananan ramukan shuka da manoma ke haƙawa a fako su zuba taki, shan ruwa ya dawo. Saboda garar ne ya sa wannan dabara ta dace da kwari mai nisa da gini kawai, ba a kai kara kusa da ƙofofi da katakon rufi.

Na huɗu ƙarami ne amma ya kusa jawo ɓarna. Iskar da ke riga hadari ta kwaso leda ta manna a ragar rariya, ruwa ya taru ya kusa taɓa katanga. Ragar mai ƙananan ido ce, an sa ta don ɓeraye. An cire ta aka sa sandunan ƙarfe a tsaye masu tazarar santimita 4, aka ƙara wata ƙofa a sama da ita wadda ruwa zai bi idan ta ƙasa ta toshe.

Watanni takwas na rani

Ƙoramar nan ba ta ganin ruwa daga Oktoba zuwa Mayu, don haka yadda take a bushe shi ne abin da mutanen gida ke rayuwa da shi. Dutse yana shan zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, duwatsun na ci gaba da huci har bayan isha'i. Uwargida ta yi ƙorafi a kan yankin da ya fi kusa da inda ake shimfiɗa tabarma da dare, kuma tana da gaskiya. An kafa rumfar zana a wurin kafin itatuwa su yi inuwa. Da an ja mafarin ƙoramar mita 2 kudu tun a zane, da ba a buƙaci rumfar ba. Tsakuwa mai haske ta fi baƙa sauƙin zafi, amma inuwa ce maganin.

Kunama na son ƙarƙashin dutse, maciji ma haka. Abin da ke rage su shi ne kada a bar kogo: duk ramin da ke bayan babban dutse a cusa masa tsakuwa da ƙasa a daddanna, a yanke gamba zuwa santimita 20 bayan kaka, kada a jibge itace ko tarkace a bakin ƙorama. Mai gyaran duwatsu ya juya su da ƙarfe kafin ya sa hannu.

Akwai kuma jarabar zuba ruwan wanke-wanke a ciki, tunda ga magudana a kusa. Maiƙo da sabulu suna haɗuwa da ƙura su liƙe tsakuwa, cikin ƴan makonni wuri ya yi wari ya tara ƙuda. An haƙa wa ruwan wanki nasa ramin daban mai cike da dutse, aka gaya wa kowa a gidan, har ƴan aiki.

Ƙurar hunturu ba ta da magani, sai kwashewa. A watan Mayu ake babban gyara: a share rufi da magudanarsa, a yashe akwatunan biyu, a bi ƙoramar da tsintsiyar kwakwa mai tauri, a tsince ƙarangiya tun ba ta zubar da ƴaƴa ba, a duba ko wani dutse ya sauka a ɗaga shi. A cikin damina kuwa akwatunan ake buɗewa bayan kowane babban ruwa, a kwashe su idan yashi ya kai rabi. Yankin da ke gaban makarai, inda ruwa ke lafawa, yana tara yashi ko an yi duk wannan. Ana sa ran ɗaga duwatsunsa a tankaɗe tsakuwar duk shekara biyu ko uku, aikin mutum biyu na wuni ɗaya.